Raɗa a Kunnen Taubashina

Ina da shekara goma sha biyu mahaifina ya rasu a Kano. Direban tifa ne, bai bar gida ba bai bar gona ba, sai rediyo ɗaya da mu. Da innata ta fita takaba sai ta tattara tukwanenta da katifa biyu, muka shiga bas muka koma gidan yayanta, a ƙauyenmu da ke can tsakanin Ɗanbatta da Tsanyawa. Kawu ya karɓe mu ba tare da ya ɓata fuska ba, wannan kam ko a gaban Allah zan shaide shi. Ya ba innata ɗakin da ake ajiye ƙaiƙayi bayan an share an yi daɓe, ni kuma ya haɗa ni ɗaki da ɗansa na biyu, wanda ya girme ni da wata huɗu kacal.

Ɗan kawu taubashi ne, kowa ya sani. Tsakanin taubasai kuwa akwai wasa, kuma wasan nan ba shi da linzami. Ka zage shi, ka tona shi a gaban mutane, ka kwaikwayi tafiyarsa, duk ba laifi ba ne, wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Tun ranar da na sauka ya kama hannuna ya juya tafin, ya kira ƙannensa su zo su ga hannun amarya. Ni kuma na ce masa baƙauye wanda bai taɓa ganin fitilar kan titi ba. Haka muka fara, kuma ina sonsa tun daga ranar, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba.

A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gona tana zuwa har gindin katangar masallaci, in ka fita bayan gida ka yi taku uku ka shiga geron wani. Iyaka ɗan layin bini-da-zugu ne, kuma a kan wannan layin 'yan'uwa sukan yi shekara ba sa gaisawa. Kawu yana da gona biyu da 'ya'ya maza biyar. Yakan ce in ya mutu aka raba, kowa zai samu wajen shanya rigarsa. Saboda haka ya ƙudurta a ransa lallai ɗaya daga cikinsu ya ci abinci da alƙalami, kuma taubashina ya zaɓa, don shi ne mai kai.

Kai kuwa yana da shi. Yaron nan zai tsaya a bakin gonar mutum ya kanne ido ɗaya ya ce dami kaza za a ɗaure, in kaka ta yi a ƙirga a tarar bai kuskure da fiye da biyu ba. Ya san jaki nawa na taki kowace gona za ta ci. Ni kuwa a gona abin tausayi ne. Fartanya ta fasa mini hannu tun a makon farko, na sare gero da yawa a zaton ciyawa ce, har Kawu ya ce in koma korar awaki. Abu ɗaya na zo da shi daga birni, wato Turanci. Ba wani na kirki ba ne, na gidan haya ne, wanda na tsinta a wajen 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan kudu, amma a ƙauyen nan ya ishe ni taƙama.

Wata rana muna cin tuwo a zaure Kawu ya nuna ni da ɗan yatsa ya ce, "Kai kana da baki." Ya nuna ɗansa ya ce, "Shi yana da kai. To ku haɗa. Ka riƙe ɗan'uwanka a makarantar nan, ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Kawu."

Ban taɓa jin daɗin wata magana a gidan nan kamar wannan ba. Maraya da yake cin tuwon da bai noma ba, yau an ce yana da amfani.

Makarantarmu ƙaramar sakandare ce ta je-ka-ka-dawo, ajujuwa uku da ofis, dawa tana leƙo mu ta taga da damina. Malamanmu duk 'yan gida ne. Su rubuta darasi a allo da Turanci, mu kwafe kamar masu zanen hula, sannan su juyo su yi mana bayani da Hausa. A haka muka ci aji ɗaya da aji biyu, littattafanmu cike da Turancin da ba mu san abin da yake cewa ba. Ba wanda ya ga aibun haka, don su ma malaman haka aka koya musu.

Muna shiga aji uku aka turo mana 'yar bautar ƙasa daga kudu. 'Yar siririya ce mai tabarau, tana fama da takalmin nan nasu mai nauyi. Saboda ƙarancin malamai aka ɗora mata Turanci da lissafi gaba ɗaya. Hausarta ba ta wuce sannu ba, mu kuma Turancinmu bai wuce "Yas, Malama" ba. Duk abin da ta faɗa, in ta ɗaga murya a ƙarshe alamar tambaya, sai mu haɗa baki mu sittin mu ce, "Yas, Malama!" Sai ta yi murmushi ta ci gaba. Ta yi mako guda tana zaton Allah ya haɗa ta da haziƙai, kafin ta ba mu aikin aji ta ga abin da ya sa ta cire tabarau ta dafe kai.

A nan kasuwata ta buɗe. Ina zaune a hannun daman taubashina a benci na uku. Malama tana magana ina sunkuyawa ina raɗa masa da Hausa, shi kuma ya karkato da kansa, kunnensa na dama kusa da bakina. Kafin ta gama karanta tambayar lissafi na gama juya masa ita, kafin ta ajiye alli ya rubuta amsa ya turo mini na kwafa. Daga gare shi raɗar takan wuce zuwa na kusa da shi, ta bi benci ta gangara baya. Ajin nan kaf da bakina yake ji. Har 'yan mata, da ke zaune a ɓangarensu, sukan aiko a tambaye ni me aka ce. Na yi ta fankama, ina tafiya kamar ni na gina makarantar.

Ita kuwa Malama ba ta zauna ba. Da ta gane ba ma jin ta sai ta sake salo. Ta fara zuwa aji da buhu, a ciki akwai ƙwarya, da ludayi, da zangarniyar gero, da gyaɗa, da igiya, har da tsohuwar fartanya da ta aro a wajen maigadi. Ta ɗaga abu ta faɗi sunansa da Turanci, sannan ta nuna mu ta kama kunnenta, wato mu faɗa mata da Hausa. In mun faɗa sai ta maimaita, ta karya kalmar ta ko'ina, mu fashe da dariya har da buga benci. Ba ta jin haushi. Sai ta sake faɗa, ta sake karyawa, har ta daidaita. Abin da ba ya shiga buhu kuma ta zana shi a allo, wanda ba ya zanuwa ta yi shi da jikinta. Na ga matar nan ta yi tafiyar jaki da kaya a gaban aji don mu gane kalma ɗaya. A lokacin mun ɗauka taɓin hankali ne.

Ta kuma rubuta jimla uku a can saman allo, ta ja musu layi, ta hana a goge. Ta farko tana nufin "ban gane ba", ta biyu "a sake faɗa", ta uku "a yi a hankali". Ta sa muka haddace su kamar karatun allo. Ta nuna mana da hannu cewa duk wanda ya ɗaga hannu ya faɗi ɗaya daga ciki, ita zai faranta wa rai. Wata biyu jimlolin nan suna sama ba wanda ya taɓa su. Ba ta san mu ba ne. A gidajenmu yaro ba ya duban babba ya ce bai gane ba, don kamar ya ce babban bai iya magana ba ne. Ka ce to, in ka fita ka tambayi sa'anka. Sa'an kowa kuwa a ajin nan ni ne.

Ta daɗe tana lura da mu. Wata rana da aka tashi tara ta kira ni gindin darbejiyar da ke bakin ofis, ta yi mini magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, don kada in ce ban ji ba. Ta ce ɗan'uwana ya fi duk wanda ta taɓa gani lissafi, har a can garinsu. Ta ce a ƙarshen shekara akwai jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana, kuma zai iya ci da ido a rufe, in da zai iya karanta tambayoyin. Sannan ta sunkuya ta kai hannuwanta baya kamar mai goyo, ta yi taku biyu, ta nuna ni, ta nuna ƙafafunta ta girgiza kai. Na gane sarai. Tana cewa goyon da nake masa ne ya hana shi tafiya. Ta ce a ɗakin jarrabawa ba za a zaunar da ni kusa da shi ba.

Na ce, "Yas, Malama." Amma raina ya ɓaci ƙwarai. A zuciyata na ce, ji mini baƙuwa, jiya-jiya ta zo ko sunan tuwo ba ta sani ba, za ta shiga tsakanina da ɗan'uwana.

Washegari ta ɗauke ni ta kai ni bencin ƙarshe kusa da taga, ta dawo da shi gaba, daf da teburinta. Makon farko ya sha wuya. Ina hango ƙeyarsa daga baya, in ta yi magana sai in ga kansa ya karkata dama, inda ba kowa sai bango. Sau biyu ya samu sifili a aikin aji, shi da bai taɓa sanin sifili a lissafi ba. A mako na biyu na ga ya fara bin hannunta da ido maimakon neman bakina. In ta zana abu sai ya matso da leɓɓansa yana motsa su. A ɗaki na kama shi yana nuna fitila da tabarma da buta yana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa, da ya gan ni ya wayance da tari.

A mako na uku, ranar wata Laraba, ya ɗaga hannu. Ya miƙe, ya dubi saman allo, ya karanta jimla ta biyu, muryarsa tana rawa. Shi ne mutum na farko da ya taɓa faɗin ta. Malama ta kusa yin tsalle. Ta sake karanta tambayar a hankali, ta zana jakuna uku da gona da tulin taki. Ya ce ya gane. Ta miƙa masa alli, ta nuna masa cewa ba rubutu kawai take so ba, ya yi wa aji bayani, da Turanci.

Har yau ina ganin tsayuwarsa. Wandonsa ya ɗage, ƙafarsa duk faso. Kalmomin da yake da su ba su fi goma ba, ya riƙa jera su kamar mai jera tubali, inda babu kalma ya cike da hannu. Ya nuna jaki, ya ɗaga yatsu, ya yi tafiya zuwa gona ya dawo, ya sake komawa. Ya yi gumi sharkaf. Turancin a karye yake ta kowace gaɓa, amma wallahi duk wanda yake ajin nan ya gane, har waɗanda ba su taɓa gane lissafi ba. Ba a bi ta bakina ba. Malama ta ajiye littafinta ta fara tafa masa.

Ni na fara dariyar. Daga can bencin ƙarshe na maƙale murya na maimaita jimlarsa ta ƙarshe yadda ya faɗe ta, har da rawar muryar. Ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Malama ta daka tsawa aka yi shiru, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. A hanyar gida, ta cikin geron da ya fi mu tsayi, na yi ta kwaikwayonsa, ina tafiyar jaki ina ɗaga yatsu, 'yan mata suna bin mu a baya suna riƙe ciki. Na raɗa masa suna Baturen jakai. Da yamma a zaure, ana cin tuwo, na tashi na sake yin wasan tun daga farko a gaban Kawu da ƙannensa. Kawu ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka miƙa masa ruwa. Bai san abin da yake wa dariya ba, shi dai ya ga ɗan ƙanwarsa yana tsokanar ɗansa, abin da aka gada kaka da kakanni.

Innata ce kaɗai ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Kai, ya isa haka. Ka bar shi ya ci abinci."

Matar Kawu ta ce, "Bar su, ai taubasai ne. Wa yake shiga tsakaninsu?"

Shi ma ya yi dariya. Dole ya yi, don in ya ɓata rai an ce ba shi da wasa. Ya ce, "Za ka gane kurenka, mai hannun amarya." Amma loma uku ya yi ya tsame hannu.

Na daɗe ina gaya wa kaina wasa ne. Ƙarya nake. Tsoro ne ya kama ni a bencin nan na ƙarshe. Na ga yaron da yake da gona, da uba, da lissafi, yana shirin karɓe abu ɗaya tak da ya sa ake kallona a gidan. In ya iya Turanci, ni kuma mene ne? Mai korar awaki. Ban tsara abin a raina haka dalla-dalla ba a lokacin, amma cikina ya sani, kuma na ɗauki sandar da na san al'ada ta hana shi karewa na buga masa.

Kafin mako ya zagayo sunan ya bi gari. Yara ƙanana suna binsa a hanyar rijiya suna kiran Baturen jakai. Ranar Litinin ya ɗauki jakarsa ya zo bencin ƙarshe ya zauna a hagu da ni. Malama ta mayar da shi gaba. Washegari ya dawo. Ta sake mayar da shi, sai ya zauna inda ta ajiye shi kamar an dasa kututture, ba ya ɗaga hannu, ba ya ɗaga kai, in ta tambaye shi sai ya dubi ƙasa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har gida ta zo wajen Kawu, kuma abin takaici ni aka kira na yi musu tafinta. Na gaya wa Kawu ta ce ɗansa yana da ƙoƙari. Sauran na haɗiye. Kawu ya yi godiya ya ba ta ƙwan zabi.

Daga ƙarshe ta gaji ta ƙyale shi ya dawo kusa da ni. Ranar ta tsaya ta dube ni ta saman tabarau. Na sunkuya na ci gaba da raɗa, shi kuma ya karkato da kunne. Makinsa ya dawo sama. Kowa ya ce ai ga shi, dama matar nan ce ta so ta rikita yaro.

Ta gama bautar ƙasarta wata biyu kafin jarrabawa. Ranar sallama ta tsaya a gaban makaranta ta yi jawabi da Hausa, mai tsawo, a karye, ta mayar da mace namiji ta mayar da namiji mace. Muka yi ta dariya, ita ma tana yi, amma ba abin da ta faɗa da ba mu gane ba. A shekara ɗaya ta koyi harshenmu, da dariyarmu a kanta kullum. Ta kira taubashina gefe ta ba shi wani ƙaramin ƙamus mai hotuna. Muna shiga gero ya miƙo mini ya ce, "Riƙe, kai zai yi wa amfani." Na karɓa. Yana nan a akwatina har yau, ban taɓa iya ba wa kowa shi ba.

Kawu ya riga ya yanke magana. Babban ɗansa ya tafi cirani kudu bai dawo ba, gwiwarsa kuma ta fara ba shi matsala. Ya ce jarrabawar nan sau ɗaya za a yi. Wanda ya ci ya tafi, ko akuya ce za a sayar a yi masa sayayya. Wanda bai ci ba ga fartanya nan.

A Ɗanbatta aka yi jarrabawar, a wani babban ɗaki mai fanka. Da lamba aka zaunar da mu. Ni ina layi na biyu, shi yana layi na biyar, can gefe, kusa da wani yaro da bai taɓa gani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka raba takardar lissafi sai na duba. Tambayoyin da suke lambobi zalla ba su fi biyar ba, sauran duk labari ne, wani ya sayi kaza, tanki yana cika a awa kaza. Na waiga. Ya riga ya gama biyar ɗin nan, ya ajiye biro. Yana kallon takardar, kansa a karkace dama. Mai tsaron jarrabawa ya ƙwanƙwasa mini tebur ya ce in dubi gabana.

Ni na karanta kowace tambaya na gane abin da take nema, sai dai lissafin ne ba ni da shi, don shekara uku ina kwafa. Na yi ta kame-kame, na tuna yadda na ga yana yi, na cike abin da na iya.

Da muka fito muka zauna a gindin wata tsamiya muna jiran mota. Ya ce, "Ta shida, me ta ce?" Na faɗa masa da Hausa. Kafin in rufe baki ya ba ni amsa. "Ta bakwai fa?" Na faɗa, ya amsa. Haka muka bi su har ta ƙarshe, ba takarda ba biro, bai yi minti goma ba. Da muka gama ya tsinci wani ɗan tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, "Ashe masu sauƙi ne." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ko a lokacin ban buɗe baki na ce ya yafe mini ba.

Sakamako ya fito bayan an yi girbi. Sunana yana can ƙasan takarda, da ƙyar na tsallake. Nasa babu. Kawu ya saurari shugaban makaranta har ya gama, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ya sayar da akuyar kamar yadda ya yi alkawari, ya saya mini akwatin ƙarfe da bokiti da bargo. Bai taɓa tambayata yadda aka yi ba. Ranar tafiya ya dafa kaina ya ce, "Ka riƙe ɗan'uwanka iyakar ƙoƙarinka, na gani. Rabo ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Taubashina ne ya ɗauki akwatin a ka har bakin titi, yana tsokanata wai kada in je in sare musu furanni a zaton ciyawa ce.

Kimiyyar ba ta karɓe ni ba. Kayan aro ba ya rufe katara, a zangon farko aka gane ba ni da lissafi. Na lallaɓa na gama da ƙyar, na shiga kwalejin horon malamai, na fito malamin Turanci. Kujerar da na zauna a kai a makarantar kimiyya tasa ce, kuma ban yi komai da ita ba.

Yanzu shekarata goma sha tara ina koyarwa, kuma an dawo da ni makarantar tamu ta dā. An ƙara ajujuwa, dawa dai tana nan tana leƙowa. Ina zuwa aji da buhu. Na rubuta jimla uku a saman allo na hana a goge. Ɗalibaina sun san ni da zafi a kan abu ɗaya, duk wanda ya yi wa wani dariya don ya karya Turanci, ranar zai gane ba ni da kirki. Suna cewa Malam ba shi da wasa. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Kawu ya rasu, an raba gonar, kowa ya samu wajen shanya rigarsa kamar yadda ya faɗa. Taubashina yana noma nasa da na yayansa, da rani yana dillancin gyaɗa a kasuwa, inda ake kiransa ya kalli tuli ya faɗi buhu nawa ne. Tsofaffin abokanmu har yau Bature suke ce masa, an yar da jakan, yawancinsu sun manta inda sunan ya samo asali. Duk abin da ya zo masa a rubuce wajena yake kawowa, takardar asibiti, saƙon waya, kwalbar maganin feshi. Ya zauna a hagu da ni a kan dakali, in fara karantawa, sai in ga kan nan da ya fara furfura ya karkato.

A farkon zangon nan ya zo makaranta da kansa, abin da bai taɓa yi ba, yana riƙe da hannun 'yarsa da za ta shiga aji ɗaya. Ita ma an ce kan ubanta ta ɗauko. Ajin da za ta shiga akwai ɗana, wanda ya tashi da Turanci a baki tun yana ƙarami. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan sa yaron ya riƙa duba ta.

Ya yi dariya ya ce, "A'a, mai hannun amarya. Abin da ya kawo ni ke nan." Ya sa yarinyar ta matsa gaba, sannan ya rage murya. "Ka raba su. Ka kai ta can gaba, inda ba mai gaya mata komai. In ta yi kuka ka bar ta ta yi. In kuma ta tashi tana karya Turancinta," ya gyara hularsa, "ka dai san ɗanka taubashinta ne. Ka ja masa kunne tun yanzu."

Shekara ashirin da biyar ina zaton bai san da gangan na yi masa ba. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu, ya ce rana tana yi, bai gama ban ruwan albasa ba. Na tsaya a bakin ofis ina kallonsa har ya shige cikin dawa.